Sirdin Ɗan Koyo: A Ɗaga Ko A Sauke?

Ku kalli ƙafafun wannan ɗan koyon hawan keke. Yana zaune a kan sirdi, tafin ƙafarsa duka biyu a shimfiɗe a ƙasa, hankalinsa kwance. Shi kuwa mai gyaran keke, kallo ɗaya ya yi ya gane sirdin ya yi ƙasa da yawa.

Kuma yana da hujja. Idan feda ta sauka can ƙasa, ana so gwiwa ta ɗan lanƙwasa, tsakanin digiri 25 zuwa 35. Akwai ma lissafin da ake dangantawa da Greg LeMond, Ba'amurken da ya lashe gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990. A auna ƙafa daga matsematsi zuwa ƙasa, a ninka da 0.883. Mai santimita 80 zai samu kusan 70.6, daga tsakiyar inda ƙarfen feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Sirdin da ya cika ƙasa, gaban gwiwa yake ci. Wanda ya cika tsawo kuma, sai ka ga ƙugu yana rangaji, bayan gwiwa yana ɗaurewa.

To amma a wannan tsawon, da ƙyar yatsun ƙafa ke taɓa ƙasa. Wanda bai iya tsayawa ba tukuna, tsoro ne zai kama shi, ya ƙanƙame kan keke, kafaɗu a ɗage, idonsa a kan tayar gaba. Gobe ba zai hau ba. Ni a ganina, tsoron nan ma awo ne, dole gwani ya sa shi cikin lissafi.

Ku saurari yadda mai gyaran yake yi masa magana: "Ƙanena, yau a nan za mu bar shi. Ka je ka saba da birki da tashi da tsayawa, in ka dawo mu ɗaga kaɗan." Sai ya yi alama a jikin ƙarfen sirdi, daidai inda ake son kaiwa. Duk dawowa a ƙara 'yan milimitoci, har ranar da zai ɗora dunduniya a kan feda ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba.

Akwai inda ba a sassautawa. Keken da ya fi ƙarfin mutum, ko birkin da yatsunsa ba sa kaiwa, ko yana so ba a ba shi. Haka kuma dole a bambance rashin sabo da ciwo. Ɗan tsamin mazaunai a kwanakin farko yana wucewa. Amma in yatsu suna mutuwa, ko wuya ya sage, ko gwiwa tana suka, wannan gyara yake nema nan take, kuma in yatsun hannu ne ko wuya, galibi ana farawa da ɗaga kan keken da matso da shi kusa, don nauyin jiki ya ragu a kan hannuwa.