Takin Manomi da Jiran Aiki: Darasi Kan Bayanan Bibiya da Nazarin Tsawon Lokaci

Assalamu alaikum masu kallo. Yau da gona za mu fara.

A ce ka zaga ƙauyuka bayan kaka, ka tambayi manoma dubu ɗaya buhu nawa na taki kowa ya zuba, buhu nawa na masara kuma ya samu. Za ka tarar masu zuba taki da yawa sun fi cika rumbu. Sai ka rubuta a kundin digirinka na biyu cewa duk wannan rata aikin taki ne. To, dakata tukuna. Manomin da ya san lokacin shuka, ba ya wasa da noman farko, gonarsa kuma mai ƙarfi ce, galibi shi ne mai halin sayen taki. Takardar tambayoyinka ba ta da gurbin ƙwarewa, don haka lissafi ya kwashe ladan ƙwarewar ya miƙa wa taki.

Wannan matsalar ce masanin tattalin arziki Yair Mundlak ya yi rubutu a kanta a 1961, da bayanan gonakin Isra'ila. Maganinta shi ne a koma wurin manoman nan dai, shekara bayan shekara. Irin waɗannan bayanan ake kira fanel, mu kuwa za mu ce bayanan bibiya. Kowane manomi za ka gwada shi da kansa: shekarar da ya ƙara taki a kan abin da ya saba, amfaninsa ya wuce abin da ya saba? Duk abin da ba ya canzawa a tare da shi, kamar basirarsa da irin ƙasar gonarsa, ya fita daga lissafi ko da ba ka taɓa auna shi ba. Dabarar kafaffen tasiri ke nan.

Tana da tsada fa. Ba za ta gaya maka tasirin jinsi ko na garin haihuwa ba, tunda su ma ba sa canzawa, tare ake share su. Akwai wata hanyar da ke barin su a ciki, amma bisa sharaɗin cewa ɓoyayyen halin mutum ba shi da alaƙa da abin da kake aunawa. Gwajin da Jerry Hausman ya fitar a 1978 shi ake yi don duba wannan sharaɗi. A ganina, ɗalibi ya fara tambayar kansa ko sharaɗin ya shiga hankali kafin ya taɓa kwamfuta. A batun taki da ƙwarewa, bai shiga ba.

Bayanan kuma suna nan. Jami'ar Mishigan a Amurka tana bin iyalai tun 1968, da kusan gida 5,000 ta fara, yanzu har jikokinsu ake tambaya. A Najeriya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Bankin Duniya sun fara bin kusan gida 5,000 a 2010, ana zuwa musu bayan shuka da bayan girbi. Nijar ma ta yi irinsa a 2011 da 2014.

Yanzu mu canza tambaya. Matashi ya gama bautar ƙasa, wata nawa zai yi kafin ya samu aiki? Nan ne nazarin tsawon lokaci ke shigowa. Ka bi matasa na shekara biyu, kuɗin bincike ya ƙare, wasu har yanzu suna nema. Ya za ka yi da su? In ka zubar da su, ka zubar da waɗanda suka fi daɗewa, sakamakonka zai yi kyan da ba gaskiya ba. In ka rubuta musu wata 24, ka yi musu ƙarya, don jiransu bai ƙare ba. Abin da ka sani kawai shi ne sun kai wata 24 aƙalla. Masana lissafi Kaplan da Meier sun nuna yadda ake amfani da wannan guntun labari a 1958: kowane wata ka ƙirga waɗanda har yanzu ke jira, ka ga kashi nawa suka fita. David Cox ya zo a 1972 da hanyar shigar da ilimi, shekaru da sauransu cikin lissafin. Likitoci sun daɗe da waɗannan dabaru wajen auna rayuwar marasa lafiya, Tony Lancaster kuma yana cikin waɗanda suka kawo su fagen rashin aiki a 1979.

Ga wurin da nake so ku natsu. Bayanai kan nuna cewa wanda ya daɗe ba aiki, damarsa ta samu tana raguwa. Da sauƙi a ce zaman ne ke lalata shi. Amma mu ƙaddara mutum 200. Ɗari daga cikinsu rabinsu ke samun aiki duk wata, ɗarin da suka rage kuwa ɗaya cikin goma. Watan farko 50 da 10 sun fita, wato 60 cikin 200, kashi 30 cikin ɗari. Saura 50 da 90. Wata na biyu 25 da 9 sun fita, 34 cikin 140, kusan kashi 24. Dama ta faɗi a takarda, alhali babu mutum ɗaya da ya canza. Masu saurin samu ne suka riga suka tafi.

Kun gane shi? Ɓoyayyen bambancin nan ne na gonar ɗazu. Kuma amsar tana shafar kuɗin gwamnati: in zaman ne ke cutarwa, a tallafa wa kowa da wuri, in kuwa tun asali mutanen sun bambanta, a nemo masu rauni tun ranar farko. Hanya mafi inganci ta raba biyun ita ce ka ga mutum ɗaya ya shiga rashin aiki fiye da sau ɗaya, wato ka koma ga bayanan bibiya.

Aikin wannan mako: ku sauke bayanan Najeriya daga shafin Bankin Duniya, ku buɗe su a manhajar ƙididdiga ta Stata ko R. Kafin kowane lissafi, ku ƙirga gida nawa ne aka samu a zagayen farko amma aka rasa a na biyu, sannan ku duba daga waɗanne jihohi suke.