Daga Jos zuwa Assop: hanyar da muke wucewa a guje

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Ranar da na gaya wa kawuna cewa zan ɗauki iyali mu fita da mota zuwa wajen Hawan Kibo, tambayarsa ta farko ita ce, "Wa ya rasu?" Na ce babu kowa. Ya ce, "To biki ne?" Na ce a'a, Kawu, kallo kawai za mu je. Ya yi shiru, can ya ce, "Man fetur ya yi muku araha ke nan." Ban ga laifinsa ba. Mu dai yadda aka saba, tafiya sai da dalili: ta'aziyya, ɗaurin aure, fatauci, ko kai yaro makaranta. Shi ya sa mutum zai shekara ashirin yana bin hanyar Jos zuwa Abuja, ya san kowane rami da kowane shingen jami'an tsaro, amma bai taɓa tsayawa ya dubi abin da ke gefen titin ba.

A wannan bidiyon za mu bi guntun hanyar ne kawai, daga Jos zuwa inda ruwan Assop yake zubowa, kimanin kilomita 60. Direban haya zai cinye ta cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Mu yini guda za mu ba ta, kuma duk abin da muka gani za mu tambayi dalilinsa.

Mu fara da sanyin nan da ya sa kuke ganin kowa da rigar sanyi da ƙarfe bakwai na safe. Jos tana zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga matakin teku, Abuja kuwa ba ta kai rabin haka ba. Duk mita dubu da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6. Wannan lissafin shi ne asalin kusan duk abin da za mu gani yau, daga dankalin Turawa har hazon da ke kwanciya a kan duwatsu. Ga wani ɗan wasa da yara ke so: kafin ku tashi, ku samu gorar ruwa ta roba wadda babu komai a ciki, ku rufe ta gam, ku jefa ta bayan kujera. Za mu dawo kanta.

Da an fita daga cikin gari an doshi Bukuru, ku fara duba hagu da dama. Za ku ga tarin jar ƙasa kamar ƙananan tsaunuka, kusa da kowanne kuma akwai kududdufi, ruwansa shiru, wani kore wani shuɗi. Waɗannan ba halittar wurin ba ce, hannun mutum ne ya yi su. Duwatsun Filato suna ɗauke da kuza. Shekaru aru-aru ruwan sama yana wanke ta yana tara ta a gindin rafuka, kuma mutanen ƙasar sun san ta suna narka ta tun kafin Bature ya zo. A farkon shekarun 1900 kamfanonin Ingila suka shigo, suka riƙa yaye ƙasa suna wanke ta suna kwashe kuzar. Ƙasar da aka yaye ita ce tulin da kuke gani, ramin da aka bari kuma ruwa ya cike shi. Saboda kuzar nan aka jawo layin dogo daga Zariya, ya iso a 1914. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza, sai aka riƙa ɗebo mutane da ƙarfin tsiya daga lardunan Arewa ana kawo su haƙa, kuma da yawa sanyi da yunwa suka kashe su a nan.

Kakannin da yawa daga cikinmu Hausawan Jos ta wannan hanyar suka zo, wasu leburori, wasu 'yan kasuwa masu bin leburorin da goro da tufafi da nama. Ku saurari sunayen garuruwan ma: Barikin Ladi, Sabon Gidan Kanar, Gindin Akwati. Sunayen barikin ma'aikata ne, da Hausa, a tsakiyar ƙasar Birom. Harkar ta fara ja da baya, sannan farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Kamfanoni suka watse, ramuka suka zauna.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda manoma suka mayar da ramukan nan abin amfani. Da rani za ka ji ƙarar injin ban ruwa a bakin kududdufi, ga kabeji, ga karas, ga latas, ga koren wake, shar da su alhali ko'ina ya bushe. Kayan da kuke gani ana loda wa motoci a kasuwar Farin Gada, wani kaso daga irin waɗannan lambunan yake fitowa. Amma don Allah, kallo kawai. Kududdufin kuza ba kamar tafkin ƙauye ba ne da ake shiga a hankali ruwa yana hawa daga idon sawu zuwa gwiwa. Gefensa a tsaye yake kamar rijiya, kuma ya ci mutane da dama, har da waɗanda suka iya iyo. A riƙe hannun yara.

Bayan Bukuru akwai kwanar da ke shiga Vom. Ratse ne, amma ni ba na wuce shi. A kan hanyar ne cibiyar nazarin manufofi ta ƙasa take, a Kuru, wadda aka kafa a 1979, inda manyan ma'aikata da hafsoshi ke zuwa kwas. Wannan daga waje za ku gan ta ku wuce. A Vom kuma akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi, tana nan tun 1924. Duk Bafulatanin da aka taɓa yi wa shanunsa allurar bushiya a zamanin da, akwai hannun Vom a ciki, kuma har yau ana haɗa rigakafin dabbobi da kaji a wurin. Idan lokacin hunturu kuka zo, ku tambayi hanyar Chaha. Ƙauyen ya yi suna wajen noman sitiroberi, ɗan jan 'ya'yan itacen nan da ake sayarwa da tsada a manyan kantunan Abuja. A bakin gona kuɗinsa daban ne, ɗanɗanonsa ma daban.

A wannan yankin ne za ku lura da shingayen ƙyarana, dogaye masu ƙaya, sun zagaye gidaje da gonaki, wani wurin har sun yi lungu kamar titi. Da can su ne ganuwar ƙauye, yanzu suna tare dabbobi da iska. Ruwanta fari ne kamar madara, yana ƙona fata, idan ya shiga ido kuwa sai asibiti. Ƙaramar ciyawar da za ku ɗauka ba a nome ta ba a bayan shingen, da damina, sau da yawa acca ce. Ba ta buƙatar ƙasa mai ƙarfi, shi ya sa ta zauna da tudun nan. Idan kuka samu mai gwaten acca da yakuwa da gauta, ku zauna ku sha da zafinsa.

Mu koma babban titi. A Mararrabar Jama'a hanya ta rabu. Ɗaya ta nufi Heipang inda filin jirgin sama yake, ta wuce Barikin Ladi, Mangu, Panyam har Pankshin. Wannan tafiyar kwana ce, wata rana za mu yi ta. Mu yau ta Riyom za mu bi, wato hanyar Abuja.

Ga su nan, duwatsun Riyom. Manyan curarruka an ɗora wani kan wani, kai ka rantse da ka tura da yatsa za su gangaro. Wasu na cewa in ka tsaya ta wani ɓangare siffarsu ta yi kama da taswirar jihar Filato. Ni na karkata kai hagu na karkata dama ban gani ba, amma ƙaramar 'yata ta ce ta gani sarai, don haka na bar mata. Yadda suka hau kan juna kuwa, babu wanda ya ɗora su. Asali dutse ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa, mai tsage-tsage. Ruwa ya riƙa bin tsagar yana cin gefe da kusurwa har kowane yanki ya zama kamar ƙwallo. Da zaizaya ta kwashe ƙasar da ke rufe da su, sai suka bayyana a yadda suke jere tun farko. Aikin miliyoyin shekaru ne.

A nan zan faɗi wata magana da ba zan ɓoye ba. Riyom da Barikin Ladi da Mangu da Bokkos sun sha fama da rikici, an yi asarar rayuka ta kowane ɓangare, kuma raunin bai gama warkewa ba. Kafin ku fita, ku tambayi direbobin tasha yadda hanya take a makon, don su suke kwana su tashi a kanta. A fita da hantsi, a dawo kafin magariba, kada a ratsa cikin ƙauyen da ba a san kowa ba. Inda kuka tsaya, ku fara da gaisuwa. "Sannu Mama, ya aiki, ya sanyi?" Kusan kowa a nan yana jin Hausa, kuma gaisuwa tana buɗe fuska. Kada a ɗaga waya a ɗauki hoton mutum ko gidansa sai an nemi izini. Ku riƙe buta da darduma a mota, domin bayan Bukuru masallatai sun yi nisa da juna.

Yanzu sai wurin da direbobi ke gyara zama, Hawan Kibo. Nan ne tudun Filato ya ƙare, titi ya gangara da kwana-kwana zuwa ƙasa. Mu da muka fito daga Jos gangara ce a gare mu, kuma gangarar ta fi hawan haɗari. Kuskuren da ake yi biyu ne. Na farko, a sa mota a firi don a rage shan mai. Na biyu, a ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar guga, guga kuma zafi take haifarwa. Idan zafin ya yi yawa, sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse, motar ba ta ji ba. Maganinsa a sauko da giya, ta mota nake nufi, a sa ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe nauyin, birki kuma a riƙa taɓa shi ana saki. Mota mai otomatik ma tana da ƙaramar giya, ku duba. A bar tazara mai yawa tsakani da tirela da tanka, gaba da baya, kuma kada a yi obatekin a kwana komai jinkirin wanda ke gaba. Gawarwakin motocin da ke gefen kwarin sun isa bayani.

Kuna sauka za ku ji kunne ya toshe, ku haɗiyi yawu zai buɗe. Ku cire rigar sanyi, don zafi ya dawo. Yanzu a ɗauko gorar nan ta bayan kujera. Ta ɗan lotsa, ko? Iskar da kuka rufe a ciki ta Jos ce, marar nauyi, ta nan ƙasa kuwa ta fi ta nauyi, shi ne ta matse gorar. Ku dubi itatuwa kuma. A sama fili ne da ciyawa da duwatsu, a nan kuwa kurmi ne. Iskar damina tana tasowa daga kudu maso yamma ɗauke da laima, ta ci karo da bangon tudun, ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a wannan gefen. Ruwan da ya sauka a saman Filato kuma dole ya nemi hanyar gangarowa. Kogin Kaduna da na Gongola duk daga tudun nan suka samo asali. Assop ƙaramin misali ne da ido zai iya gani.

Wurin yana dab da titi, ana biyan ɗan kuɗin shiga, sai a taka ƙasa ta cikin duwatsu. Tun kafin ku gan shi za ku ji rugugin. Ruwan yana dukan dutse yana watsa feshi, inuwa ta rufe ko'ina, sanyin wurin kuma na daban ne, mai laima. Duwatsun bakin ruwa suna da santsi kamar an shafa musu karkashi, don haka takalmi mai tsini ko silifas ɗin wanka ba nasu ba ne, kuma ban ba kowa shawarar shiga ba, musamman da damina. Mu tabarma muka shimfiɗa daga nesa, uwargida ta buɗe kular dafa-duka, aka zuba shayi daga fulas. Ledojinmu da gorunanmu muka tattara muka dawo da su mota.

Idan kuka tambaye ni lokacin zuwa, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Ƙasa tana nan kore, ruwan Assop a cike, sama kuma ta fara washewa. A Agusta ruwa da hazo kan rufe Hawan Kibo har ka kasa ganin motar da ke gabanka. Disamba da Janairu akwai sitiroberi da kayan lambu, amma ƙurar hunturu tana ɓoye duwatsu, ruwan kuma ya ja baya.

Ƙarfe uku muka kama hanyar dawowa. A hawa, ido a kan allurar zafin inji, kuma in ta tashi a tsaya a bari ya huce kafin a taɓa murfin lagireto. A saman tudu muka tsaya wurin matan da ke kasa kaya a bakin titi, muka sayi dankalin Turawa bokiti biyu da gasasshiyar masara. Bokiti ɗaya na Kawu ne. Da na kai masa bayan isha'i ya zazzage shi a tire, ya ɗaga ɗaya ya jujjuya a fitila, ya tambayi nawa na saya. Na faɗa masa. Ya ce a Farin Gada da ya samo mini da ragi, sannan ya tambaya ko motar tana da wurin mutum ɗaya ranar da za mu Pankshin.