Hunturu Ne Ke Ƙidaya Shanun Mutanen Tsauni

Jama'a, assalamu alaikum. Shugaban taro, ranka ya daɗe, na gode da wannan dama, kuma na ji kashedin da aka yi mini game da lokaci, zan yi bakin ƙoƙarina. An nemi in yi bayani a kan yanayi da zaman ƙauye a yankunan tsaunuka, ni kuwa na shirya abubuwa huɗu, wato sanyi da rana da ruwa da kiwo.

Bari mu fara da sanyi, domin shi ne tushen sauran. Duk lokacin da mutum ya hau sama da mita 1,000, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos. Dalili shi ne iska daga ƙasa take samun mafi yawan ɗuminta, idan kuma ta tashi sama nauyin da ke danne ta yana raguwa, sai ta buɗe ta huce. Shi ya sa tsaunin Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, yake da ayaba da kofi a gindinsa, ga kuma ƙanƙara a bisa kansa, alhali yana dab da tsakiyar duniya inda rana ta fi ƙarfi. A shekarar 1802 wani Bajamushe mai suna Alexander von Humboldt ya hau tsaunin Chimborazo na ƙasar Ekwado, daga baya ya zana yadda tsirrai suka jeru hawa-hawa a jikinsa, kowane iri da iyakar inda yake tsayawa.

Abin da nake so ku riƙe a nan shi ne, a kan tsauni lokutan shekara tafiya suke yi da ƙafa. A ƙasashen da ake zubar dusar ƙanƙara, ɗumin bayan hunturu a kwari yake fara sauka, sannan ya riƙa hawa sannu a hankali, yana makara da kimanin kwana uku zuwa huɗu a kowace mita 100. Itacen da ya yi fure a kwari a watan Afrilu, ɗan'uwansa da ke can sama da mita 1,000 sai ya jira wata guda ko fiye. Idan kaka ta zo kuma sai abin ya juye, sanyi ya taso daga sama yana gangarowa. Saboda haka tambayar mutumin tsauni ita ce, ina ɗumi ya kai yau? Amma kada wani ya ce kwari ya fi ko'ina daɗin zama, domin da daddare, in sama ta washe babu iska, sanyin da ya fi nauyi yakan kwararo ya taru a kwarin kamar ruwa a kwatarniya. Da asuba sai ka ga hazo ya rufe ƙasan, jaura ta ƙone shuka, mutanen da ke kafaɗar dutse kuwa suna shan hantsi. Wannan na cikin dalilan da suka sa tsofaffin ƙauyuka da yawa suka kafu a tsakiyar gangare.

Na biyu ita ce rana. A arewacin duniya, gangaren da ke fuskantar kudu shi ke samun rana, nan ake gidaje da gonaki, wanda ke fuskantar arewa kuwa a bar wa daji. Akwai wani ƙauye a arewacin Italiya da ake kira Viganella, wanda duwatsu suka yi masa katanga har rana ba ta leƙa shi tun daga 11 ga Nuwamba zuwa 2 ga Fabrairu. A shekarar 2006 suka kafa wani madubin ƙarfe mai mita 8 da mita 5 a kan dutsen da ke fuskantarsu, kwamfuta tana juya shi yana bin rana, yana jefo haske dandalin gari. Na ga wasu suna dariya a baya can. To, wanda rana ke kora inuwa kullum ba zai gane wanda ya kashe kuɗi don ya aro ta ba.

Yanzu sai kiwo, kuma a nan ina roƙon shugaban taro ya ɗan kau da kai daga agogo. A tsaunukan Alps na Turai, ƙauye ɗaya yakan kasance da mazauni hawa uku. Akwai garin kansa inda ake cin hunturu, akwai wani masauki a tsakiya da ake kai dabbobi wajen watan Mayu, sannan akwai makiyayar can ƙoli, sama da inda itatuwa ke tsayawa, wadda ake isa a watan Yuni bayan ƙanƙara ta narke. Shanu suna bin sabuwar ciyawa tana hawa suna hawa, su yi kusan wata uku a sama, ana tatsar su ana yin cuku a can, domin madara ba za ta jure saukowa kullum ba. A watan Satumba a gangaro da su da ƙararrawa a wuya da furanni a ka, gari ya fito tarya. A 2019 hukumar UNESCO ta sanya wannan hawa da sauka na makiyaya cikin al'adun gado na duniya, bisa buƙatar Ostiriya da Girka da Italiya.

Baƙo yakan ɗauka don daɗin ciyawar sama kawai ake wannan wahala. Babban dalilin yana ƙasa. Ana kwashe shanun ne don a bar filayen kusa da gari su yi ciyawa a yanka a shanya a yi ingirici, saboda akwai watanni masu yawa da dabba ba za ta ga tsiro ko ɗaya ba, tana ɗaure a garke, abin da aka tara mata kaɗai za ta ci. Don haka watannin ɗumi ba na hutu ba ne. Maza da mata da yara duk suna gangare, a wuraren da mutum ba ya iya tsayawa sai da takalmi mai ƙusoshi, ana yanka ana juyawa ana ɗaurewa, ido yana kan hadari, domin ruwa ɗaya a kan ciyawar da ta kusa bushewa yana iya rage wa gida saniya guda.

Ku saurari wannan da kyau, shi ne abin da ya fi burge ni a dukan batun. A jihar Valais ta ƙasar Suwizalan akwai ƙauyen Törbel, a tsayin kimanin mita 1,500. A 1483 mutanen ƙauyen suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar yadda za su riƙe makiyayarsu da dajinsu a matsayin mallakar kowa. A 1517 kuma aka rubuta doka cewa babu wanda zai tura shanu makiyayar sama fiye da adadin da zai iya ciyarwa a hunturu. Ku duba hikimar da ke ciki. Makiyaya ta kowa ce, kowa kuwa yana son ya ƙara ko da saniya ɗaya ce, in kowa ya ƙara sai ciyawa ta ƙare, ruwa ya zaizaye gangaren. Maimakon a zauna ana musu a kan nawa ya dace da wane, sai aka mayar da hukuncin ga rumbun ciyawar kowane gida, abin da maƙwabci yana gani da idonsa. Ba za ka sayo shanu a watan Mayu ka kiwata su a filin jama'a ka sayar a watan Oktoba ba. Wanda ya karya doka akwai jami'in da ke cin sa tara, kuma rabin tarar nasa ne, saboda haka ba sai an roƙe shi ya sa ido ba. A ƙarshen zaman makiyayar sama a raba cuku gwargwadon shanun kowa.

Na ce hunturu ne ke ƙidaya shanun, kuma ina maimaitawa, hunturu ne. Wani masani Ba'amurke, Robert Netting, wanda tun farko ya yi bincike a kan manoman Kofyar na duwatsun Filato, shi ya zauna a Törbel ya bi tsofaffin takardunsu. A 1968 wani masanin muhalli Ba'amurke, Garrett Hardin, ya yi rubutun da ya shahara yana cewa duk abin da jama'a suka mallaka tare ƙarshensa lalacewa. Wata masaniya Ba'amurkiya, Elinor Ostrom, ta kawo Törbel cikin hujjojinta na cewa ba dole ba ne hakan ta faru, kuma a 2009 ta zama mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki. A ganina manoman nan sun riga malaman jami'a warware matsalar da shekara ɗari huɗu da hamsin, sai dai ba su aka kira karɓar kyauta ba.

Na uku, ko na huɗu ne? An ce mini na tsallake ruwa. To, a gurguje. Iska mai laima in ta ci karo da tsauni sai ta hau ta huce ta zubar da ruwanta a gefe ɗaya, ta sauka ɗaya gefen a bushe. Ƙauyen Mawsynram na arewa maso gabashin Indiya yana samun ruwa fiye da milimita 11,000 a shekara, amma tudun Tibet da ke bayan tsaunukan Himalaya ƙeƙasasshe ne. Ita kanta Valais busasshiya ce, shi ya sa suka haƙa magudanai a jikin duwatsu suna jawo narkakkiyar ƙanƙara zuwa filayen ciyawa, kowane gida da sa'o'insa. A tsaunukan Andis na Peru da Bolibiya kuwa, sanyin dare da zafin rana sun fi bambancin watanni tasiri, har manoma suke baza dankali a watan Yuni da Yuli ya daskare da dare, su tattake shi, rana ta busar, ya yi shekaru bai lalace ba. Dankalin nan da muke jingina wa Turawa, asalinsa na mutanen Andis ne.

Hajiya a layi na biyu ta ɗaga hannu, bismilla. Ga waɗanda ba su ji ba, tana tambaya ne ko wannan tsari yana nan yadda yake, ganin yadda yanayin duniya ke sauyawa.

Hajiya, kin taɓo inda ke ciwo. Tsarin ya dogara ne da ƙanƙarar da ke taruwa a sama tana narkewa kaɗan-kaɗan a lokacin da ake bukatar ruwa. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, manyan kogunan ƙanƙara na Suwizalan, wato ƙanƙarar da ta taru a kan tsaunuka tana gangarowa sannu a hankali, sun rasa kusan kashi 10 cikin 100 na girmansu. Akwai kuma ƙasar da ke daskare shekara da shekaru a can ƙoli, wadda ita ce ke riƙe duwatsu kamar siminti, in ta saki sai dutse ya fara motsi. A wannan jiha ta Valais akwai ƙauyen Blatten, wanda a da yake da mutane wajen 300. A watan Mayun 2025 masu sa ido suka ga dutsen da ke samansu yana rugujewa yana zuba a kan kogin ƙanƙarar Birch, sai aka kwashe mutane da dabbobinsu, har da saniyar da aka ɗauka da jirgi mai saukar ungulu. Ranar 28 ga watan ƙanƙarar ta ɓalle, ta sauko da laka da duwatsu ta binne mafi yawan garin, ta toshe kogin Lonza, ruwan da ya taru kuma ya cinye da yawa daga cikin gidajen da suka saura. Mutum ɗaya ya rasu. Lokacin kuwa saura 'yan makonni a hau da shanu makiyayar sama.

Ranka ya daɗe, na ga takardar da ka turo, na tsaya nan.