Wa Ke Cin Ribar Ihun "Mayya"? Lacca kan Farautar Mayu a Wasan Kwaikwayo

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Abubuwa uku zan taɓo, in lokaci ya bari. Wasan da za mu ɗora maganar a kansa shi ne The Crucible na Arthur Miller, wanda aka fara nunawa a 1953. Labarin garin Salem ne a Amurka, shekarar 1692, inda wasu 'yan mata suka fara faɗuwa suna shure-shure, suna kiran sunayen mutane wai mayu ne. Kafin ƙura ta lafa an rataye mutum 19.

Na farko, kishi. Abigail, ɗaya daga cikin 'yan matan, tana son mijin wata, John Proctor, sai ta laƙaba wa matarsa maita. A tarihi fa Abigail yarinya ce 'yar shekara 11, Proctor kuma ya doshi 60. Marubucin ne ya ƙara mata shekaru, ya rage nasa, don zancen ya zaunu. Mata, na ga kuna murmushi, kishi ba sai na yi muku lacca a kansa ba.

Na biyu, kuma nan zan daɗe, ku yi haƙuri: gona. Gona, jama'a! Akwai wani attajiri a wasan, Thomas Putnam. Dattijo Giles Corey ya tsaya gaban alƙalai ya ce Putnam ne ya sa 'yarsa ta kira sunan maƙwabcinsu George Jacobs, don in an rataye shi gonarsa ta fita kasuwa. Wa ke da kuɗin saye? Putnam. Kun gani? Yarinya na birgima a ƙasa, uba na auna kadada a zuci. Shi kuma Corey da aka juyo kansa, ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Aka yi ta jibga masa duwatsu a ƙirji har rai ya yi halinsa. Wannan ya faru da gaske. A wasan, shirun nan nasa ne ya sa gonarsa ta tsira ga 'ya'yansa. Mu ma nan, in aka taso tsohuwa a gaba, wai ta kama kurwar yaro sai ta tsallake shi, ku tambaya: wa ke haƙon filinta? Wa za su raba gado da ita? Ku tambaya kawai. Gona, na ce.

Na huɗu... na uku ne? Tsoro dai. Parris, limamin cocin garin, kujerarsa yake karewa, alƙalai kuma ba sa son a ce sun yi kuskure.

E, Malama, ga hannunki a sama.

(Tambaya: Ke nan duk ƙarya suke yi, ba wanda ya yarda da maitar?)

A'a, da yawa sun yarda har zuci. Amma dubi tsarin kotun, Malama. Wanda ya amsa laifi ya ambaci wasu, ya tsira da wuyansa, wanda ya ce shi ba maye ba ne, igiya. Tituba, baiwar Parris, ta amsa, ta rayu. To wa zai ƙi ambaton suna? Abin da Miller yake hange ke nan, domin a zamaninsa ana farautar 'yan gurguzu a Amurka, lokacin Sanata McCarthy. A 1956 shi kansa kwamitin majalisa ya kira shi, aka ce ya ba da sunaye, ya ƙi, a 1957 aka same shi da laifin raina majalisa. Sai 1958 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.

Ana yi min alama da agogo. Sauran tambayoyin sai bayan la'asar.