Juji Ba Ya Mutuwa Don An Rufe Shi Da Ƙasa

(Laccar da wani injiniyan muhalli ya gabatar a Garwa ta ƙasar Kamaru, an rubuto ta daga faifan murya)

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai, masu unguwanni, da iyaye mata da ke can baya, ina fata murya tana isa gare ku.

Shekarun baya an kira ni wani gida a bakin gari. Katanga ta tsage daga sama har ƙasa, alhali mai gidan bai cika shekara uku da tarewa ba, kuma duk laifin ya ɗora wa magini. Na ce a haƙa rami gefen harsashin ginin. Ba a kai gaba guda ba jar ƙasa ta ƙare, sai baƙa mai danshi, ga ledoji kamar jiya aka zubar, ga tsofaffin batura, har da kwalaben allura. Wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya kori mai haƙar. Bawan Allah ya zauna bakin ramin ya yi shiru, can ya ɗago ya ce, "Injiniya, to rijiyar fa?" Tambayar nan ce ta kawo ni gabanku yau.

Shara tana ci gaba da ruɓewa a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru. Tana ruɓewa tana lotsawa, gini yana binta. Wannan asarar dukiya ce, ana iya mayarwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali iskar da take fitarwa, wadda kusan rabinta methane ce, ɗanyar iskar gas mai kama wuta. Ita methane ɗin kanta ba ta da wari. Idan ta taru a rufaffen ɗaki ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, ƙyastin ashana ya isa. A 1986 wani gida ya tarwatse a ƙauyen Loscoe na Ingila, daga tsohon jujin da ke kusa iskar ta bi ƙarƙashin ƙasa ta shiga.

Sai ruwa. Damina ta sauka, ruwa ya ratsa juji ya kwaso dalmar batir da sauran guba, ya gangara inda rijiyoyi ke sha, musamman a kwarin da ke kusa da Binuwai inda ruwa ba shi da zurfi. Kun tuna Zamfara a 2010, yadda gubar dalma ta ɗauke yara kusan 400. Can daga haƙar zinari ne, amma dalmar dai ita ce, kuma ba ta ruɓewa. Ku ji da kyau, iyaye mata: tafasa ruwa ba ya cire ta.

Ko Amurka sai da ta sha wuya kafin ta koya. A Love Canal, wani kamfani ya binne sinadarai tan dubu 21, ya sayar wa hukumar makarantu filin kan dala ɗaya a 1953. Aka gina makaranta, gidaje suka kewaye ta. A 1978 aka fara kwashe iyalai.

Ban ce kada a taɓa tsohon juji har abada ba. Gari yana faɗaɗa, fili yana tsada, na sani. Amma muna da doka, mai lamba 96/12 ta 5 ga Agusta 1996, wadda ta wajabta binciken tasirin muhalli kafin duk aikin da zai iya yin illa, kuma mai aikin ne zai biya kuɗinsa. Ƙa'idojin 2013 sun fayyace cewa sai an zauna da mutanen wurin. A nan ne muke sakaci, wallahi. A kira taro, mu tura yaro ya sa hannu.

Idan an kira, Alhaji, ka je da ƙafarka. Ka tambaya ramuka nawa aka haƙa, zurfinsu nawa, an auna ruwan rijiyoyin maƙwabta da rani da kuma damina? Wa zai ci gaba da auna iskar bayan an gama gini? Filin ƙwallo ko tashar mota a kan jujin da aka lulluɓe da yumɓu mai kauri aka sa masa bututun fitar da iska, wannan zan iya sa hannu. Makarantar yara da ɗakin kwana kuwa, sai an kwashe sharar ko na ga sakamakon gwaji da idona.

Mai gidan nan mun auna ruwansa, muka toshe rijiyar da siminti. Har yau daga famfon unguwa yaransa ke ɗebo ruwa a kura.

Na ji ana kiran la'asar. Bayan salla sai mu karɓi tambayoyi.