Sharhi: Jiniyar Da Ta Daina Kuka A Zariya

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya tsaya a Kwangila ko a PZ da hantsi, ya ƙirga 'yan acaɓa da masu Keke Napep da ke jiran fasinja, ya san halin da aikin yi yake ciki a Zariya, ba sai an karanta masa rahoto ba. A cikinsu akwai mai digiri daga Jami'ar Ahmadu Bello, akwai mai difloma daga Nuhu Bamalli. Sana'a ce ta halak, ba mai raina ta. Sai dai a lura da tafiyar kuɗin: ma'aikacin jami'a ya biya ɗan acaɓa, ɗan acaɓa ya kai gidan mai, ragowar ya tara ya sayi taya da aka ƙera a wata ƙasa. Babur ɗin kansa daga Indiya ko Sin ya samo asali. Kuɗin ya kwana biyu a gari, ya kama hanyar teku.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin da ya biyo, ake yi wa talaka alkawarin cewa tattalin arziki zai farfaɗo. Allah Ya sa. Amma farfaɗowar da magidanci zai gani a tukunyarsa ita ce wadda ta biyo ta ƙofar masana'anta, kuma mutanen Zariya ba baƙin wannan magana ba ne.

A 1911 layin dogo ya ratsa Zariya zuwa Kano. Ba a daɗe ba Turawa suka kafa injin gurzar auduga a garin, a 1922 kuma aka buɗe tashar binciken noma a Samaru, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR ta yau. A lokacin, Ingila ake kai audugar. Abin da ya sauya lissafi shi ne masaƙar Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, sannan irin su UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna, ta cika ta batse. Nan Zariya ma an yi kamfanin taba na NTC, da na saƙa tamfol, da na haɗa mitar wuta, ga injinan tatsar mai. Dattawan Sabon Gari za su gaya muku cewa akwai lokacin da jiniyar kamfani ce agogon unguwa.

Abin da ya kamata matasa su gane shi ne, masana'anta ba waɗanda ke cikin katangarta kaɗai take ciyarwa ba. A ɗauki auduga. Manomi a Giwa ko Soba ya shuka, mata da yara su tsinka, mai awo ya auna, ɗan dako ya loda, direba ya kai gidan gurza. A raba kaɗa da angurya. Kaɗar ta wuce masaƙa, anguryar a matse ta a sami mai, tunkuzar ta tafi wurin masu kiwo. A ƙofar masaƙar kuma ga mai tuwo, ga mai shayi, ga mai facin keke, ga mai gidan haya, ga telan da ke ɗinka wa 'ya'yan lebura kayan sallah. Sannan ga wani abu da ba a cika ambata ba, wato albashin ƙarshen wata. Mai albashi shi ake ba bashi a shago ba gardama, shi ke iya shiga adashi, shi ke sa yaro makaranta da sanin cewa kuɗin zango na gaba zai fito. Mai nema kullum-kullum, ko da ya fi shi samu wata rana, ba ya iya tsara shekara.

To, me ya kashe su? Ruwa ba ya tsami banza. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya Naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, atamfar Sin mai araha ta yi ta kwararowa, wata ta ƙofa, wata ta hannun 'yan fasa-ƙwauri ta iyakar Nijar. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukwanen masaƙu da shi ya yi wuyar samu. Kaduna Textiles ta rufe a 2002. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wasu kamfanonin an bar su da injinan zamanin 'yancin kai ba sabuntawa, wasu an mai da su wurin cusa 'yan uwa da abokan siyasa. Mu ma masu saye, da muka ga mai araha, ba mu tambayi daga ina ta fito ba.

Yau kuwa duk wanda ya yi niyyar kafa inji a Dakace ko Cikaji, tambayarsa ta farko wuta ce. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa Naira 225 kowane yunit, fiye da ninki uku. A watan Oktoban shekarar, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta yi fiye da mako a duhu. Ku tuna yadda masu ƙanƙara da masu walda da masu niƙa suka ƙare a kwanakin nan, sannan ku auna mai ma'aikata ɗari biyu da zai ƙona dizal dare da rana. In ya juya banki, a ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma su ɗora nasu a kai. Da irin wannan bashi sai dai a saro kaya a sayar cikin wata uku. Injin da sai ya shekara biyar zai mayar da kuɗinsa, wa zai saya da shi?

Shi ya sa bututun iskar gas na AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya fi ƙarfin maganar siyasa a wurinmu. Masana'antun Legas da Ogun suna da gas, ga tashar jiragen ruwa a kusa. Namu suna biyan kuɗin tirela na ɗaruruwan kilomitoci kafin su kunna inji.

Akwai kuma gaskiyar da masu yi mana alkawarin dawo da Kakuri ba sa son faɗa. Injin zamani ba ya cin mutane kamar na da, aikin da ɗari suke yi yanzu goma ke yi. Saboda haka ba kowace masana'anta ce maganin zaman banza ba. Ƙasar Bangladash ba ta da audugar kirki, sayowa take yi, amma ɗinkin tufafi kaɗai ya ɗauki mutum kusan miliyan 4, galibinsu mata, shi ne kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da take sayarwa waje. Ɗinki fa! Sana'ar da birnin Zazzau ya yi suna a kanta tun kaka da kakanni. Mai aska takwas yana nan, mai keken zamani yana nan, amma kowa a zaurensa, shaddar da yake ɗinkawa kuma daga waje. Haka fata: cibiyar NILEST tana Samaru tana koyar da jima da haɗa takalma, amma takalmin makarantar 'ya'yanmu na gwanjo ne. Ga cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, ga IAR da irin audugarta na SAMCOT. Ilimin yana gari, bai dai sami hanyar fita daga ɗakin bincike ya shiga shago ba.

A kula kuma, gina katafaren kamfani a yanka zare a yi tafi ba shi ne aiki ba. Kamfanin tumatirin Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano, wanda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ya sha tsayawa saboda bai sami isasshen tumatir ba. In mai wannan ƙarfi ya ji jiki, to duk mai son niƙa masara ko matse waken suya a Zariya sai ya fara ƙulla yarjejeniya da manomi tun kafin damina, ba a fafe gora ranar tafiya. Manomin kuma sai ya iya zuwa gonarsa ya dawo lafiya, abin da mutanen yankin Giwa suka fi kowa sanin zafinsa.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu da kansu. Ke nan ana iya ware unguwar masana'antu guda ɗaya a Zariya a ba ta wuta ta musamman, ko ta gas ko ta hasken rana, ba tare da jiran Abuja ba. Gwamnati kuma babbar mai saye ce: kayan makaranta, zannuwan gadon asibiti, kakin ma'aikata, takalman jami'an tsaro. In aka ba teloli da dukawan gari kwangilar shekara uku a rubuce, takardar kaɗai ta isa su shiga banki da ita. Wakilanmu da ke majalisar jiha a Kaduna, in sun zo gaisuwar sallah, a tambaye su a wace ƙasa aka ɗinka rigunan makarantun firamaren mazaɓarsu.