Kyamarar 360: a ɗauka tukuna, a zaɓi kusurwa daga baya

Masu kallo, ku dubi wannan ɗan keken da ke gangarowa daga kan dutse. Hoton na biye da shi ta baya, sai ya juya gefe, ya sake dawowa kansa. Hannayensa biyu na riƙe da keke. Babu mai bin sa da kyamara, babu jirgi marar matuƙi a sama. To, wa ke ɗaukar sa?

Wata 'yar kyamara ce da ba ta kai tafin hannu ba, a kan sanda da ya ɗaura a jakar bayansa. Ita ake kira kyamarar 360, don a lokaci guda take ɗaukar gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa.

Ido biyu gare ta, ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kowanne ya turo waje kamar idon kifi. Kowane ido yana ganin kusan digiri 200, wato ya ɗara rabin da'ira. Wannan ɗan rarar ce sirrin aikin. Inda hotunan biyu suka hau kan juna, nan manhaja take haɗe su, ta yi abin da masu sana'ar ke kira ɗinki, su koma hoto guda da ya kewaye ka.

Sandar fa, ina ta shige? Tana nan daram. Tsakanin idanun biyu akwai ɗan siririn wuri da babu wanda yake gani a cikinsu, daidai kaurin jikin kyamarar. In sandar ta fi kyamarar siranta, kuma ta miƙe sak da ita, sai ta faɗa cikin wannan wurin ta ɓace. Ka ɗan karkata kyamarar a kan sandar, nan take asiri ya tonu. Inuwarta kuwa ba ta ɓuya, shi ya sa za ka ga mai zamiya kan dusar ƙanƙara hannunsa a dunƙule babu komai, amma inuwar sanda na biye da shi a ƙasa.

Abin bai daɗe ba. Nick Woodman ya kafa kamfanin kyamara na GoPro a 2002, kuma kyamararsa ta farko a 2004 ta fim ce, masu wasan hawa igiyar ruwa ke ɗaura ta a wuyan hannu. Kamfanin Ricoh ya fito da kyamarar Theta mai ido biyu a 2013. A 2015 YouTube da Facebook suka fara karɓar bidiyon 360, a shekarar ce kuma aka kafa kamfanin Insta360 a birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Da farko an zata kowa zai riƙa juya wayarsa yana leƙa ko'ina a cikin bidiyo. Mutane suka gwada, suka gaji. Abin da ya karɓu daban ne: a ɗauki komai, sannan a yanko bidiyo irin wanda aka saba gani.

A ganina nan ne amfaninta na gaskiya yake. Wanda ke tsakiyar iska da laima, ko yake kokawa da ruwa a ƙaramin kwale-kwale, ba shi da sukunin saita kyamara. Da kyamara mai ido ɗaya, in abokin tafiyarka ya yi tsalle a hagu kai kuma ka saita dama, shi ke nan, ya wuce ka. Da wannan kuwa, dannawa kawai za ka yi ka ci gaba da harkarka. In ka dawo gida ka buɗe manhaja, ka ja hoton da yatsa zuwa inda kake so, ka sa alama a daƙiƙa ta biyar, ka sa wata a ta goma, manhajar ta juya hoton a hankali tsakaninsu. Girgiza ma haka ake maganinta. Akwai na'urar auna motsi a ciki da ke lura da kowace jijjiga. Tun da an riga an ɗauki ko'ina, sai a juya hoton ya saɓa wa jijjigar, sararin sama ya tsaya cak ko da kyamarar ta yi adungure.

Sai dai ku yi hattara da lambar da ke jikin kwali. Insta360 X4 da ta fito a 2024 tana ɗaukar 8K, wato ɗigon hoto 7680 a faɗi. Amma waɗannan ɗigon an shimfiɗa su ne a kan da'irar gaba ɗaya. Ka yanko digiri 90, kashi ɗaya bisa huɗu ke nan, abin da ya rage maka 1920 ne. Mai 5.7K kuwa 1440 za ta bar maka. Saboda haka kyamara mai ido ɗaya da ke ɗaukar 4K ta fi ta fitar da hoto tangaran a inda ta kalla. A allon waya ba kowa zai lura ba, a babban talabijin kuwa bambancin a fili yake, balle in rana ta faɗi haske ya yi ƙaranci.

Ɗinkin ma yana da sharaɗi. Ɗaga yatsa kusa da hancinka, rufe ido ɗaya, sannan ka sauya. Ka ga yatsan ya yi tsalle? Haka idanun kyamarar suke saɓani kan abin da ya matso kusa. Duk abin da ya faɗo kan layin ɗinki a tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba, yakan fito a yanke ko a karkace. Don haka ka sa ido ɗaya ya fuskance ka, kada ka ba kanka gefenta. A cikin ruwa abin ya fi muni, domin ruwa na lanƙwasa haske. X4 na iya jure nutsewar mita 10, amma ɗinki ba zai haɗu ba sai an sa ta a gidanta na musamman na nutso.

Idanun nan da suka turo su ne rauninta. Ta kowace fuska ka kwantar da ita, ido ɗaya na ƙasa, kuma ƙarzuwa ɗaya za ta bayyana a duk abin da ka ɗauka. Ka sa mata marufin kariya. X5 ta 2025 ma an yi ta yadda mai ita zai iya sauya idon da kansa. Katin ajiya ya zama mai sauri, wato mai alamar V30 ko sama da haka, batir kuma ka riƙe na biyu a aljihun ciki, don sanyi na saurin cinye shi.

In abin da kake so shi ne hanyar da ke gabanka kawai, daga kan hular kwano, mai ido ɗaya ta ishe ka, kuma ta fi sauƙin sha'ani. In kai kaɗai kake fita kuma kana son a gan ka a cikin wurin, ɗauki ta 360. Amma ka sani duk minti ɗaya da ka ɗauka sai ka zauna ka zaɓar masa kusurwa, don haka kada ka bar ta tana ɗauka tun safe har yamma. Ɗauki gajeru-gajeru, ka kashe.